Da'irar da Ciyawa Ta Ƙi Fitowa a Tres Norias

Mai girma shugaban wannan taro, magajin garinmu na Tres Norias, Delfino Ulibarri. Mai girma Fada Anselmo, limamin cocinmu, wanda ya buɗe mana taro da addu'a, kuma ya taƙaita ta saboda ya ga zafin rana. 'Yar'uwata Perfecta Gurule, mai riƙe da mabuɗin gidan tarihinmu. Dattawanmu maza da mata da ke zaune a inuwa. Matan da suka tsaya kan gashin barkono tun hantsi, hayaƙi na cin idanunsu domin mu ci daɗi. Baƙinmu na nesa da na kusa, da waɗanda suka zo da fuskarsu ta haihuwa, da waɗanda suka shafa koren fenti suka ɗaura ƙahoni biyu a ka don su yi kama da halittun wata duniya. Jama'ar Tres Norias baki ɗaya: ina yi muku sallama, ina yi muku barka da zuwa, ina yi mana barka da ganin wannan rana.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Crisanta Maestas. Shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da kimiyya a makarantar garin nan, don haka rabin mutanen da ke zaune a babban teburin can sun taɓa tsayawa a gabana suna rantsuwa cewa akuya ce ta cinye aikin gida. Ni ce kuma 'yar Abenicio Maestas, makiyayin da ya tsinci tarkace a filin arewa shekara saba'in da biyar da suka wuce, tarkacen da duniya ta ce na faifai mai tashi ne, na waɗansu halittu daga wata duniya. Saboda wannan tsintuwa aka gina gidan tarihi, saboda ita ake wannan biki, saboda ita kuka yi doguwar tafiya kuka zo.

Ina gode wa kwamitin biki, wanda bara ya danƙa mini akwati goma sha ɗaya na takardu da hotuna, ya ce in sake duba hujjoji in kawo rahoto a yau. Na san abin da suke zato: tsohuwa za ta rubuta shafi biyu na yabo, a tafa mata, a tafi cin abinci. Delfino, kai da ka zauna a ajina shekara uku, ya kamata ka tuna cewa ba na ba da maki sai na karanta. Daina duba agogo, ba zan wuce lokacin miya ba.

Kafin in shiga hujjoji, bari in faɗi abin da ya kawo ni, don kada wani ya ce na ɓoye. Wannan abin da aka lulluɓe da farin zane a bayana, wanda za a buɗe idan na sauka, mutum-mutumin mahaifina ne na tagulla. Na leƙa shi shekaranjiya. An yi shi da hularsa, an yi shi da sandarsa, an kuma ɗora masa tafin hannu a kan baki. A ƙasa an rubuta: makiyayin da ya ga gaskiya, tsoro ya rufe masa baki. Da wannan suna ya rayu, da shi ya mutu, da shi yara suka riƙa tsokana ta a filin makaranta suna kira na 'yar matsoraci. Tagulla ba ta ruɓewa. Idan aka ja zanen nan yau, sunan ya zauna ke nan har jikokin jikokinku, kuma wannan ne ba zan yarda da shi ba.

Hujja ta farko ita ce guntun ƙarfen da ke cikin akwatin gilashi a gidan tarihi, wanda allon da ke gefensa ya ce wuta ba ta ƙona shi, wuƙa ba ta yanka shi. Na tambayi Perfecta, na ce, "Wa ya taɓa gwadawa?" Ta ce, "Malama, ai ba a taɓawa." Na ce, "To wa ya ce ba ya yankuwa?" Ta ce, "Allon." Na ce, "Wa ya rubuta allon?" Ta ce, "Mijina ne, Allah ya ji ƙansa, kuma kin san shi ko albasa bai iya yankawa ba." Muka buɗe akwatin mu biyu, na ciro almakashin ɗinkina daga jaka. Jama'a, ya yanku. Ya yanku salin alin, har da ɗan ƙara mai daɗi. Takarda ce mai ƙyalli irin wadda ake samu a cikin kwalin taba, an manna ta a kan wata takarda mai kauri. Kuma na gane ta, domin akwai hudar ƙusa a kusurwa: mahaifiyata Filomena ce ta kafa ta a kan akurkin kajinmu don ta kori shirwa, ta yi shekara ashirin a can kafin wani ya ɓamɓare ta ya kawo gidan tarihi. Zan faɗi gaskiya, shirwa ba ta taɓa ɗaukar mana ɗan tsako ba, don haka ba zan ce ba ta da wani ƙarfi ba.

Hujja ta biyu ita ce shaidu. A shekarar da abin ya faru, mutum ɗaya ne ya ce ya ga tarkace, shi ne mahaifina. Bayan shekara talatin, sa'ad da masu ɗaukar hoton talabijin suka fara zuwa, shaidu sun zama goma sha ɗaya. A akwatin ƙarshe na sami shaida ɗari da arba'in, alhali garin nan a wancan lokaci, har da jarirai da Fada, bai kai mutum casa'in ba. Da fari ba wanda ya ambaci gawar halittun da aka ce suna cikin faifan. Daga baya aka ce gawa uku, daga baya biyar, daga baya aka ce ɗaya na da sauran numfashi har ya roƙi ruwa, kuma gwaggona ce ta ba shi a kofin da take ba baƙi. Akwai wani bawan Allah da ya rantse ya ga hasken faɗuwar da idonsa, na duba littafin baftisma na coci, na tarar an haife shi bayan shekara uku. Ba zan kama suna ba. Yana nan, kuma ya iya rawa, za ku gan shi anjima.

Ban ce waɗannan mutane miyagu ne ba. Mutanenmu ne, na ci abinci a gidajensu, na halarci jana'izar yawancinsu. Idan baƙo ya zo daga nesa da na'ura a kafaɗa, ya zauna a kujerarka, ya dube ka da ido mai cike da fata, ya ce, "Baba, kai me ka gani?" to a garin nan ba a sallamar sa hannu wofi. Ku riƙe wannan, domin shi ne zai kai mu ga hujja ta uku, wadda ita ce babba.

Hujja ta uku ita ce da'irar nan ta filin arewa, wadda motoci za su kai ku ku gani da la'asar. Fili ne mai ciyawa har gwiwa, amma a tsakiyarsa akwai wuri zagayayye, faɗinsa taku talatin, fari fat, ko tsinke ba ya tsirowa. An ce nan faifan ya sauka. An ce masana daga jami'a sun ɗebi ƙasar sun auna, sun sami gishiri ninki arba'in na ƙasar da ke gefe, kuma gaskiya ne, na ga takardar. An ce tumaki, da zarar an sake su, can suke nufa a guje kamar ana kiran su, kuma wannan ma gaskiya ne, na gani da idona. Abin da ba a rubuta a allo ba shi ne wannan da na sa aka kawo mini. Ku duba. Baƙi, wannan kantun gishiri ne, irin wanda ake ajiye wa tumaki su lasa. Kakana ne ya fara ajiye shi a wurin nan shekara arba'in kafin wani abu ya faɗo, domin wurin shimfiɗaɗɗe ne, kuma ana hango shi daga famfon rijiyarmu mai aiki da iska. Ruwa ya narkar da gishiri ya shiga ƙasa, tumaki suka kewaye suka tattake, shekara bayan shekara. Kowane makiyayi a gundumar nan yana da irin wannan da'ira a filinsa. Namu kawai shi ne ya shiga jarida.

Kuma tun da mun zo nan, bari in ƙara. Wajen shekara arba'in da suka wuce, da kiwo ya ragu, ciyawa ta fara komawa da'irar. Sai ga shi kowace bazara, ana saura wata guda biki, da'irar ta sake yin fari. Na je da kaina watan jiya, na ga sawun taya, na ga guntun buhu. Ba zan kama suna ba. Motarsa shuɗiya ce, yana zaune a babban tebur, kuma tun da na ɗaga kantun nan yake nazarin takalminsa.

To yaya aka yi garin makiyaya guda ya bar duniya ta ɗauki wurin lasar tumaki a matsayin wurin saukar baƙin halittu? Ga yadda aka yi, kamar yadda mahaifiyata ta ba ni, kuma takardun akwati na farko suka gaskata ta.

An yi hadari mai ƙarfi wata la'asar. Washegari mahaifina ya hau doki ya je duba garke, ya tarar da tarkace a warwatse: siraran karare, da roba, da zare, da takarda mai ƙyalli. Ya tattara a buhu ya kai wa 'yan sanda. Sojoji suka zo suka ce balan-balan ne na auna yanayi, suka yi godiya, suka tafi da buhun. Da nan maganar ta ƙare. Amma bayan kwana huɗu sai ga wani ɗan jarida daga gabas, da farin takalmi, da rigar da ba ta san ƙura ba. Ya sauka a gidanmu, domin babu masauki a garin. Mahaifiyata ta dafa masa miyar barkono da naman rago, ya ci, hawaye na zuba, ya ce a ƙara. Da mahaifina ya kai shi fili, mutumin bai ko dubi inda tarkacen suka faɗi ba. Ya hango da'irar, ya ruga, ya durƙusa da farin wandonsa, ya ɗebi ƙasa, ya ce, "Malam makiyayi, nan ne ya sauka, ko ba haka ba?"

Ku da kuke 'yan garin nan kun san dokar da ba a rubuta ba. Baƙon da ya ci abinci a teburinka, ba ka duban idonsa ka ce masa ya yi kuskure. Ba ka kunyata shi. Idan ya ce dokinka saniya ce, ka ce, "Mai yiwuwa ne," ka ƙara masa shayi. Haka aka rene mu, haka muka reni 'ya'yanmu. Mahaifina ya dubi da'irar, ya dubi mutumin da ke durƙushe, ya ce, "Mai yiwuwa ne, yallaɓai."

Da suka koma gida mahaifiyata ta ja shi bayan ɗaki, ta ce, "Abenicio, kai da ka ɗora kantun nan a bayan jaki da hannunka?" Ya ce, "Filomena, mutumin ya ci abincinki faranti biyu har ya siɗe yatsa. Ya kike so in yi da shi?" Ta ce, "To ai shi ke nan, gobe sai ka ce masa jakin ma daga sama ya faɗo."

Bayan mako guda jarida ta fito, an ce makiyayi ya tabbatar. Bayan mako biyu motoci suka cika hanyar gari, kowane gida ya sauki baƙi, kowace tukunya tana kan wuta. Mahaifina kuwa abinci ya daina wuce masa. Mutum ne da ko farashin ulu ba ya ƙara wa gishiri, ga shi an buga sunansa a kan abin da ya san ba haka ba ne. Ranar Lahadi ta uku, da aka tashi daga coci, ya tsaya a bakin ƙofa, ya cire hula, a gaban 'yan gari da baƙi, ya ce, "Jama'a, ku ji ni. Wurin nan wurin gishirin tumakinmu ne. Abin da na tsinta kuwa karare ne da roba da takarda. Na yi kuskure da ban faɗa tun farko ba." Sai ya juya ga maƙwabcinsa a kiwo, ya ce, "Melquiades, kai ka sani. Faɗa musu."

A gefen Melquiades akwai mutum uku da suka kwana a gidansa, suka karya da gurasar mahaifiyarsa a safiyar nan. Ya dube su, ya dubi ƙasa, bai ce uffan ba. Ba wanda ya ce uffan, domin kowa na tsaye da baƙonsa. Sai wata baƙuwa mai babbar hula ta tambayi matan da ke kusa da ita, ta ce, "Bawan Allah! Sojoji ne suka tsorata shi, ko?" Matan suka dubi juna. Sun ba ta wurin kwana, sun ba ta abinci. Suka ce, "Mai yiwuwa ne."

Wannan ne duk abin da ya faru. Ba wanda ya tsorata mahaifina, ba wanda ya rufe masa baki. Shi kaɗai ne a garin nan ya buɗe baki, kuma shi kaɗai aka ce ya yi shiru. Manya sun san gaskiya, amma baƙi ba su daina zuwa ba, don haka ranar faɗin ta ba ta taɓa zuwa ba. Yara suka taso suna jin abin da ake gaya wa baƙi, suka ɗauka shi ne tarihi. Shi kuwa bai sake tayar da maganar ba. Ya ci gaba da kiwonsa, yana gaida kowa, kowa na gaida shi, amma bai ƙara tsayawa hira a bakin coci ba har ya bar duniya. Ina ƙaramar yarinya na tambaye shi ko da gaske ya ji tsoro. Ya ce, "Sau ɗaya, 'yata, kuma na mai farin takalmi ne." Ban gane ba sai da na girma, kuma har yau idan na tuna, zuciyata tana ciwo.

Baƙinmu masu daraja, yau zan karya dokar garinmu a gabanku, ko da yake ni ma a nan aka rene ni. Kun ci abincinmu, kun sha ruwanmu, kuma ina duban idanunku ina cewa: game da filin arewa, kun yi kuskure, kuma mu muka sa ku. Ban ce babu kowa a sararin sama ba. Na koyar da taurari shekara talatin da huɗu, na san faɗin abin ya fi ƙarfin kaina. Idan suna can, Allah ya ba su lafiya, idan sun zo za mu dafa musu. Na ce dai ba su sauka a wurin gishirin kakana ba. Ban kuma ce a daina biki ba. Ku riƙe ƙahoninku, sun yi muku kyau. Ku hau mota da la'asar ku je ku ga da'irar, domin ban san wani wuri a duniya da za ku ga inda ladabin gari guda ya bar tabo a ƙasa ba.

Roƙona ga kwamiti ɗaya ne: kada a ja zanen nan yau, a mayar da aikin wurin maƙeri a gyara. Amma na san abin da za a ce: 'yarsa ce, dole ta kare shi, kuma ba a haife ta ba a lokacin. Gaskiya ne. Maganata ita kaɗai ba ta isa ba, kamar yadda tasa ba ta isa ba a bakin coci. Don haka zan yi tambayar da ya yi, a gaban baƙi, kamar yadda ya yi. Ban shirya da kowa ba, kuma idan kuka yi shiru zan sauka in zauna, ku ja zanenku. Duk wanda ya taɓa kai gishiri wurin nan, ko ya ji daga bakin mahaifinsa cewa wurin gishiri ne, ina roƙonsa ya miƙe tsaye.

Ina jira. Ba na gaggawa, na saba jiran aji.

Kawu Melquiades, a'a, kai zauna, ɗaga hannu ma ya isa, shekara casa'in da shida ba wasa ba ne. Ku riƙe shi. Ya ƙi? To ku bar shi, ku dai tsaya kusa. Ga Perfecta ta miƙe. Ga 'yan gidan Sisneros, layi guda. Ga na bayan can wajen gashin barkono. Delfino, har kai? To, sannu da ƙoƙari, na ba ka maki.

Ku yi shiru, Kawu yana magana, kuma lasifikar ba ta kai can ba. Faɗi, Kawu, zan maimaita musu. Ya ce shi ne ya taya mahaifina sauke kantun a makon da aka tsinci tarkacen, jakin ma nasa ne. Ya ce kowace Lahadi ta Allah, idan ya zo wucewa ta ƙofar cocin nan, sai ya ji muryar mahaifina tana cewa "Faɗa musu." Ya ce, "Abenicio bai ji tsoro ba. Ni ne na ji."

Ku ba ni minti ɗaya.

Kawu, ka faɗa musu. Ya kira ka, ka amsa, kuma ni 'yarsa na ji da kunnena a madadinsa. Zauna yanzu, don Allah, kafin ka sa in sauko in zaunar da kai da kaina.

Allah ya ji ƙan Abenicio Maestas da Filomena matarsa, ya ji ƙan duk waɗanda suka tsaya a bakin cocin nan ranar, masu magana da masu shiru. Allah ya ƙara wa dattawanmu lafiya, ya ba mu ruwan sama a kan lokaci, ya sa ciyawa ta cika filayenmu. Allah ya bar mana son baƙi, ya ƙara mana ƙarfin faɗa musu gaskiya. Allah ya mayar da kowane baƙo gidansa lafiya, komai nisan inda ya fito. Abinci ya nuna, a fara ba dattawa.

Na gode, na gode ƙwarai.